Akwatin da Ke Gadin Baba

Akwatin bai fi littafi girma ba, kuma a saman firij yake zaune. Auta ce ta haɗa shi da hannunta, ita da tun tana ƙarama take warware rediyon Baba ta bar masa kusoshi a tabarma, yanzu kuma take aikin kwamfuta a wata masana'anta. Aikin akwatin ɗaya ne: ya riƙa kallon Baba ta kyamarar falo da ta bakin banɗaki, idan ya faɗi ya buga mata waya nan take. Ba ta yarda a riƙa tura hotunan zuwa wata babbar na'ura ta nesa ba, don sabis ɗin unguwar sai ya ga dama yake zuwa, tsoho mai hawan jini kuwa ba ya jiran sabis.

Sai dai akwatin ƙaramin kai gare shi. Aiki kaɗan yake ɗauka a lokaci guda, sauran su bi layi.

Da aka sace babur ɗin Yaya a ƙofar gida, sai ya tasa ta a gaba.

"Auta, ki ƙara masa kyamarar ƙofa, ya riƙa gane fuskar duk wanda ya tsaya. Yana zaune yana shan wuta a banza, Baba ko tuntuɓe bai taɓa yi ba."

"Yaya, ba zai ɗauka ba."

"Ke dai ki ce ba kya so."

Yaya mutum ne da in ya kafe sai dai kai ka gaji, kuma ta gaji. Ta ƙara kyamarar, ta sa wa akwatin dokar da suke sa wa na'urorin wurin aikinta: idan layi ya yi tsawo, aikin da ya fi daɗewa bai gano komai ba ya koma baya. A ranta ƙofar ce za ta riƙa komawa baya. Ta gwada ranar da babu makaranta, titi wayam, komai ya tafi lafiya lau.

Abin da bai zo mata ba shi ne lokacin tashin makaranta, sa'ad da yara ke cika titin, fuska na bin fuska. Ƙofa ba ta rasa abin faɗa. Kyamarorin Baba kuwa tun da aka kafa su ba su taɓa gano komai ba.

A irin wannan lokacin Baba ya zame a bakin banɗaki, shi kaɗai a gida. Akwatin yana can yana ƙirga fuskokin 'yan firamare. Sai da titi ya watse kiran ya shigo wayarta. Da ta iso gida, ta sami Baba a kwance, ruwan da ya zube a gefensa har ya fara bushewa.

Likita ya ce, "Da kun kawo shi da wuri..." bai ƙarasa ba. Baba bai fito daga asibitin ba.

Baƙin cikin ya yi musu yawa har babu mai ƙarfin ɗora wa wani laifi. Auta ta hau kujera ta cire kyamarar falo da ta banɗaki, ta manta da ta ƙofa. Ta taɓa akwatin ta ji shi da sanyi, shi da kullum yake ɗaukar zafi.

Masu zuwa gaisuwa suka fara isowa. Kowa ya tsaya a ƙofa, kafin ya buɗe baki ya yi sallama, akwatin ya riga ya sa wayarta ta yi ƙara.