Ƙarar Keken Ɗinki

Ina da sa kunne a maganar da ba tawa ba. Ciwon teloli ne, hannu na kan yadi, kunne na yawo. Shi ya sa da aka ce Auta za ta riƙa magana da likita ta waya, kuma ba a son kowa ya ji, uwarta ni kaɗai ta kalla.

Auta 'yata ce, shekararta sha shida. Tun bayan jarrabawa ta daina fita, abinci sai an tsaya a kanta, in ka yi mata magana bango take kallo. Asibitin da ke duba irin wannan ciwo yana da nisa, sai suka haɗa mu da wata likita da za ta riƙa kira duk Laraba da hantsi.

To, gidanmu sabis ba ya shiga. Har banɗaki na gwada, ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Wuri ɗaya yake kamawa: tagar shagona da ke ƙofar gida, dab da keken ɗinki. Na ce zan riƙa fita in ba ta wuri, Auta ta ƙi. Ta ce masu kawo ɗinki za su shigo su same ta ita kaɗai.

Sai na yi dabara. Kekena tsoho ne, na ƙafa, ƙararsa kamar injin niƙa. Da wayar ta yi ƙara sai in ɗauko tsumma in hau takawa. Ta gefen ido ina ganin bakinta yana motsi, wani lokacin tana share hawaye da bakin mayafi, amma ko kalma ba na ji. Cinyoyina suka yi tsami, tsummokaran shagon duk na ɗinke su, waɗansu har sau biyu. Na faɗa wa uwarta yarinya tana amayar da abin da ke cinta, kuma ni ne sila. Ta ce Allah ya sa, ba ta ɗago daga wankin da take yi ba.

Ana nan wata Alhamis likitar ta kira, ta ce da ni take son magana. Na gyara zama, na tanadi abin da zan ce in an yaba mini. Ta tambayi barcin Auta da cin abincinta. Na ce da sauƙi, ko da yake ban ga sauƙin ba. Sannan ta ce ta sha roƙon Auta ta sa a tsayar da keken, Auta ba ta taɓa faɗa mini ba.

"Baba, har yau ban san abin da ke damunta ba," in ji likitar. "In keken na tafiya ba na jin komai. In ya tsaya kuma sai ta yi shiru."