Masu Jinya, Waje

Kowace safiya, da zarar an gama goge daɓen ɗakin yara, sai babbar nas ta tsaya bakin ƙofa ta tafa hannu.

"Masu jinya, waje. Likitoci za su yi zagaye."

Dokar asibitin ke nan. Uwa ce za ta kwana a tabarma gefen gado, ta kwashe amai, ta riƙe hannun da aka sa wa ƙarin ruwa kada ya lanƙwashe. Amma idan masu fararen riguna suka zo duba ɗanta, sai ta fita baranda ta zauna a benci kamar baƙuwar da ta ɓata hanya.

Maman Aku tela ce, Aku kuma ita ce 'yarta ta fari. Ubanta ne ya laƙaba mata sunan, don tun ba ta cika shekara uku ba babu maganar da za ta gifta kunnenta ba ta maimaita ba. Zazzaɓi mai zafi ne ya kawo su, aka ɗora ta a kan allura safe da yamma. Da jiki ya fara sauƙi, sai baki ya dawo. Ran nan nas na tafa hannu, sai ga siririyar murya daga gadon ƙarshe: "Mashu jinya, waje!" Ɗakin ya kwashe da dariya, har da nas ɗin.

A benci kuwa, hirar likitoci ake yi kullum. Iya, wata tsohuwa mai jinyar jikanta, ita ke buɗe fage.

"Ni na ga likitoci iri-iri, 'yar nan. Su a wuya suke rataye kunnensu. Ba ki ga robar nan ba? Sai sun ga dama suke sa ta, kuma ƙirji kaɗai take ji, ba ta jin baki."

"Haba Iya," in ji Maman Aku. "Ba don Allah ba don su ba, da yanzu zaman makoki nake."

"Ban ce ba su iya ba. Cewa na yi ba sa ji."

Ba a daɗe ba Maman Aku ta fara lura da wani abu. Wayarta tana da wani kiɗa da Aku ke rawa da shi ko tana cikin kuka. Wata rana wayar ta yi ƙara a bayan matashin kan Aku har ta katse, yarinyar ba ta waiwayo ba. Maman Aku ba mai gaggawa ba ce, ta saba auna ƙyalle kafin ta sa almakashi. Ta zagaya bayan gado, ta buga cokali a kofin ƙarfe ta gefen dama. Shiru. Ta buga ta hagu, Aku ta ɗan karkato kamar mai jin kira daga wata unguwa. Washegari sai da ta buga da ƙarfi kafin ta karkato.

Ta gaya wa nas. Nas ta ce ta gaya wa likita.

Akwai wani ƙaramin likita da matan benci ke kira Ɗan Siriri, mai gaishe da mutane, mai yawo da biro a bayan kunne. Ta tare shi a baranda ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Fuskarsa ta ɗan canza.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka shiga sati na biyu na allurar nan, likita."

"To. Zan gaya wa oga a zagayen gobe."

Gobe ta zo ta wuce, aka yi allura. Da ta sake tare shi sai ya sosa ƙeya.

"Yau oga na sauri. Kuma kin san ba a katse shi idan yana koyarwa."

Da yamma mijinta ya zo da abinci, ta gaya masa. Ya ajiye kwanon ya rage murya.

"Ke kin fi su sani ne? Yarinya ta tashi daga wannan ciwo, dole ta yi sanyi. Don Allah kada ki ja su tsane mu, a hannunsu muke."

Kashegari nas ta tafa hannu, mata suka yi ta ficewa da zannuwansu a kafaɗa. Maman Aku ta zauna a bakin gado ta naɗe hannu.

"Maman Aku, ba ki ji ba ne?"

"Na ji, sista. Magana gare ni da babban likita."

Kafin nas ta ƙara wata kalma sun shigo. Babban likita a gaba, mai furfura da tabarau, ɗalibai na biye da shi kamar 'yan tsaki. Da ya iso gadon ƙarshe, bai dube ta ba, nas ya duba.

"Wannan fa?"

"Ranka ya daɗe," Maman Aku ta miƙe ta ce, "yarinyar ba ta ji sosai. Tun da aka..."

"'Yar fari ce?"

"E."

Ya juya ya faɗa wa ɗalibansa wani abu da Turanci, suka yi murmushi. Sannan ya sunkuya daidai fuskar Aku, ya ware manyan hannuwansa ya tafa. Aku ta ƙifta ido ta ƙyalƙyale da dariya, ita ma ta tafa nata.

"Kin gani? Garau take."

"Ganin hannunka ta yi, ranka ya daɗe. Ta baya za a..."

Ya riga ya juya. Ta nemi idon Ɗan Siriri a cikin ayarin, ya sunkuyar da kai yana gyara biro. Da yammar nan ma aka yi allurar. Ita da kanta ta danne cinyar yarinyar, don idan ba ta danne ba allura za ta karye a ciki.

Ranar sallama mijinta har durƙusawa ya yi wajen godiya. Iya ta rako su bakin ƙofa, ta shafa kan Aku, ba ta yi barkwanci ko ɗaya ba.

A gida, ƙarar keken ɗinki da a dā ke tashin Aku daga barci ta daina tashin ta. Maƙwabta suka ce ciwo ya sa mata miskilanci. Sai da aka ci watanni kafin layi ya zo kansu a sashen kunne. Likitar wurin mace ce mai fara'a. Ta sa wa Aku wasu wayoyi a ka, ta daɗe tana kallon na'ura, sannan ta cire tabarau.

"Na dama ya tafi. Na hagu akwai ɗan saura, za mu gwada mata abin ƙara ji. Irin wannan allura takan taɓa kunnen wasu yaran. Da an sani da wuri, da an canza mata wata." Ta girgiza kai cikin tausayi. "Ku iyaye mata sai kun riƙa lura. Ke ce kike tare da ita dare da rana. Ba ki ga alama ba?"

Maman Aku ta buɗe baki. Mijinta ya taɓa gwiwarta a hankali.

"Mun gode, likita," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

A hanyar fita suka yi kiciɓis da Ɗan Siriri. Ya hango Aku ta baya, bai kira ta ba. Sai da ya zagayo gabanta ya tsuguna sannan ya ɗaga mata hannu. Maman Aku ta tsaya tana kallon wannan zagayowa. Ashe ya sani. Tun ranar farko ya sani.

"Yaya jikin nata?" ya tambaya, idonsa a ƙasa.

"Garau take," ta ce, ta ɗauki 'yarta ta wuce.

Yanzu kalmomin Aku zubewa suke ɗaya bayan ɗaya kamar maɓallan tsohuwar riga. Ruwa ya koma nuni da yatsa. Baba ya koma wani sauti mara kai. Maman Aku takan ajiye ɗinki ta zaunar da ita a cinya, ta manna bakinta a kunnen hagu tana maimaita mata sunayen abubuwa, ko za ta tsira da abin da ya rage.

Magana ɗaya ce ta ƙi zubewa, wadda ta shiga ƙarshe kafin ƙofa ta rufe. Wata rana da hantsi Aku ta kwashe guntayen ƙyallaye daga ƙarƙashin keke, ta jera su a kan tabarma, ta lulluɓe kowanne da wani. Uwar ta matso ta tsuguna don ta taya ta wasa. Yarinyar ta miƙe, ta haɗe fuska, ta tafa hannu.

"Mashu jinya, waje."

Ta sa 'yan hannuwanta biyu tana tura uwarta wajen ƙofa. Maman Aku ta fita. Ta tsaya bayan labule, tana kallo ta ɗan tsagin da ya rage.