Tsattsewa a Kan Icen Allura

Zaliha ma'aikaciyar gandun daji ce a Madawa. Bayan damina aka tura ta Babankatami ta rubuto itatuwa da tsuntsayen da ya kamata a kare. Wani tsohon manomi, Sha'ibu, shi ya yi mata jagora zuwa kan dutse, inda ya ce akwai icen da ba shi da ɗan'uwa a duk ƙasar Adar.

Da ganinsa ta gane danginsa. Ganye kamar allura, ba ya fure, irinsa a cikin wani ƙullutu mai tauri. Icen ƙasashen sanyi ne, ta rasa yadda aka yi ya rayu cikin wannan zafi.

"Wa ya dasa shi, Baba?"

"Wani baƙo, tun ina saurayi. Ko ruwa bai sha ba ya wuce."

A sama tsattsewa na ta shawagi suna kuka. Ta buɗe kaye, littafin aikinta, ta rubuta: tsuntsun na da yawa, sheƙarsa a tsagin dutse, ƙafarsa gajera ce, ba ya iya zama bisa reshe, babu fargaba a kansa. Icen kuwa ɗaya ne tak, sai an kewaye shi da waya.

"Kak ki sa mai waya, ɗiyata," in ji Sha'ibu. "Shina da masu tsaronai."

Ta yi murmushi, ta ciro wuƙa ta yanki ɗan reshe don ta kai biro, wato ofishinsu. Ƙaro ya tsattsafo mata a hannu, da ɗumi kamar jikin mutum.

Sai kukan ya ɗauke. Rana tsaka, ko iska babu. Ta ɗaga kai, sama fayau, ba tsuntsu ko ɗaya. Suna kan icen, ɗaruruwa, jere bisa rassa, abin da aka koya mata ba sa yi. Ba mai motsi. Duk ita suke kallo.

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Baba..."

"Aje reshen ga gindin icen. Sannu-sannu. Kak ki ba su baya."

Ta ajiye. Suka sauko da baya da baya, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalminta. Sai da suka kai gonar dawa ta farko ta ji kukan ya dawo sama.

Kwana uku tana wanke hannu da sabulu, ƙaron bai fita ba. Da shugabanta ya tambaye ta abin da ta samo, ta miƙa masa sunayen gawo da aduwa da kalgo, ta ce kan dutsen ba komai sai ƙaya. Sannan ta roƙa, in za a sake fita, a tura ta garin Bangi, nesa da dutsen.