Dabino Mai Atamfa

Shekara biyu ke nan Raudatu tana Madina tare da mijinta Nu'uman, wanda yake karatu a jami'a. Tun suna Zariya take rubuta labarai tana tura wa mata a waya, amma tun bayan azumi ta kasa fara sabo. Duk abin da ta ɗauko sai ta ga ta taɓa rubuta irinsa.

Wata Asabar da hantsi suna dawowa daga Masallacin Ƙuba, mai tasi ya bi da su ta bayan tsofaffin lambuna don gudun cunkoso. Lokacin nunar dabino ne, ko'ina an rufe nonon dabino da koren buhun raga saboda tsuntsaye. Ta saman wata katanga sai Raudatu ta hango wani lambu da ya fita daban. Kowane nono an naɗe shi da atamfa, wannan ja, wancan mai ruwan ƙwai da zanen fanka.

"Malam, ka ga abin da na gani?"

Nu'uman ya leƙa. "Tsumma ne, don tsuntsaye."

"Tsumma yana wannan sheƙi? Ko wankin farko ba a yi musu ba."

Abin ya tsaya mata a rai. Tana girki tana juya shi, har ta ƙirƙiro wani tsoho da matarsa ta rasu, duk shekara yana buɗe akwatinta yana ɗaura wa bishiyoyi zannuwanta. Amma ta ƙi rubutawa sai ta ji gaskiyar magana.

Da Asabar ta zagayo ta sa aka sauke su a ƙofar lambun. Nu'uman ya tsaya a inuwar katanga, ita ta yi sallama ta shiga. Ta tarar da wata dattijuwa, Hajiya Ƙaltume, zaune kan darduma tana tsince dabino a faranti. Da jin gaisuwar Hausa ta faɗaɗa fuska.

"Tafaddali, ya binti, shigo 'yata. Daga wane gari?"

Sai da Raudatu ta sha gahawa sannan ta yi tambaya kan atamfofin. Hajiya ta yi dariya.

"Kakana daga Damagaram ya zo a ƙafa, ni nan aka haife ni. Duk dangin da suka zo Umara, tsarabarsu atamfa. Ni ban saba ɗaurawa ba, 'ya'yana kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Dulab ɗina na ajiye tufafi ya cika har ba ya rufuwa. Bana buhunan raga suka yage, na ce wa ɗana Hamid ya kwashi waɗannan. Khalas, shi ke nan."

Murnar Raudatu ta ragu, Hajiya kuwa ta lura.

"Kin so ki ji wani abu daban ko?"

Cikin kunya Raudatu ta gaya mata sana'arta, ta ba ta labarin tsohon da akwatin matarsa. Hajiya ta ajiye farantin, ta gyara zama.

"Wallahi naki ya fi nawa daɗi. Amma me ya sa kika kashe matar?"

"To Hajiya, in tana raye me zai sa ya yi haka?"

"Yaji ta yi. Ta koma gidan ƙanwarta a tsallaken titi, tagarta tana kallon lambun. Shi kuma girman kai ya hana shi zuwa biko, sai ya rataye mata zannuwanta inda za ta gani."

"Ta dawo?"

"Ta aiko a gaya masa ja ɗin nan ba nata ba ne, aro ta yi, ya sauke shi kafin rana ta cinye."

Raudatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Suka shiga gardama kan laifin tsohon. Hajiya ta ce mantuwa ce da shi, Raudatu ta ce rowa, har aka kira azahar, Nu'uman ya bugo waya yana tambaya ko lafiya.

Da ta tashi tafiya Hajiya ta cika mata leda da ɗanyen dabino, ta karɓi lambarta. Suna cikin mota saƙon murya ya shigo.

"Ya binti, na tuna. Matar tana da wa a Khaibar, mai zafin rai. Ki sa shi ya zo a babi na biyu, amma kada ya daki kowa."