Mudu Biyu na Sha'ir

Mudu biyu na sha'ir Tuda ke bin Itto. Shekara talatin da ɗaya ke nan bashin ya ƙi mutuwa, kuma ba don Itto ba ta biya ba ne.

Abin ya samo asali ne shekarar da ƙanƙara ta tare su Itto a mashigar dutse, suna hawa da tumaki makiyayar bazara. Daga Saghro, ƙasar su Itto, tafiyar kwana goma sha biyar ce a ƙafa, gidan Tuda kuwa yana kan kwana na tara, shi kaɗai tilo a gindin mashigar. Itto na da goyo, gari ya ƙare ƙaf. Tuda ba ta ko tambayi sunanta ba, ta auna mata mudu biyu.

Da kaka, a hanyar saukowa, Itto ta dire mata tulun man tumaki. Tuda ta karɓa. Sai da suka yi nisa aka ga wani mudu biyun a cushe cikin kayan alfadari. Haka suka yi ta yi, hawa da sauka.

"Ke dai muguwa ce," in ji Itto. "Ki bar ni in mutu ba bashin kowa mana."

"In na bar ki, wa zai riƙa hawowa nan yana zagin shayina?"

Bana sai Bassu, ɗan Itto, ya yi hayar babbar mota ta kwashe tumakin, yadda kowa ke yi yanzu.

"Inna, wuni guda mun kai. Gwiwoyinki ma sa yi mini godiya."

"Motar tana bi ta ƙofar Tuda?"

"Titi bai san Tuda ba."

"To ni na san ta. Ɗaura wa alfadari kaya."

Ya yi mita har ya gaji, ya sa matarsa da 'ya'yansa a mota, ya bi uwarsa. Kwana tara suna tafe su biyu. Inda hawa ya yi tsanani ta kama wutsiyar alfadari ya ja ta. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ta naɗe ta da tsumma. Buhun dabinon da ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya kuwa, ko ƙwaya ba ta bari Bassu ya taɓa ba.

Tun daga nesa ta fara ƙwala kira, yadda ta saba.

"Tuda! Fito ki karɓi kayanki, mai shayi kamar ruwan wanki!"

Izza ce ta fito, surukar Tuda. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa ƙarasowa.

Tun tsakiyar hunturu aka binne Tuda. Mashigar a toshe take lokacin, babu mai kai labari.

Itto ta zauna a kan dutsen da suke zama. Ba ta yi kuka ba tukuna. Ta ce Bassu ya sauke dabinon.

"Karɓi, 'yata. Haƙƙin gidan nan ne. Ki shaida na biya."

Izza ta karɓa, ta shiga ciki. Sai ga ta da ƙaramin buhu an ɗaure bakinsa da jan zaren ulu, irin ƙullin Tuda.

"Da hannunta ta auna, Inna, ana saura kwana uku ta rasu. Na ce ta bari in auna mata, ta ƙi, wai hannuna rowa gare shi. Ta ce in kin zo a ba ki. Wai ki biya ta da kaka."

Itto ta ɗora buhun a cinya, ta jinjina shi. Mudu biyu ne cif, har da ɗan ƙari a kai. Nan kukan ya ƙwace mata, ta kifa fuska a kan sha'irin.

Bassu ya jira har rana ta karkata, sannan ya durƙusa kusa da ita.

"Inna, mu bar musu shi. Wa za ki biya kuma?"

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Ban tambaye ka ba. Ɗaura shi a sama, kada ya jiƙe."