Bencin Baya

A majami'ar su Rahila, can gefen Wara inda ruwan Kainji ke cin bakin gonaki, akwai wani benci kusa da ƙofa da ake kira bencin baya. Duk wanda dattawan ikilisiya suka sa ƙarƙashin horo nan yake zama. Ba ya waƙa a gaba, ba ya cin Jibin Ubangiji, sai ranar da aka maido shi. Shekara goma sha huɗu Rahila tana wannan majami'a, ko gefen zanenta bai taɓa gogar bencin nan ba, kuma ba ta barin kowa ya manta.

Tabawa mai bandar kifi kuwa sau uku tana ɗumama shi. Bakinta ne ciwonta. In ranta ya ɓaci sai ta wanke mutum tas, wani lokaci hannu ya bi baki, sannan ta zo ta durƙusa tana kuka, a yafe mata. To, shekarar da aka yanko Kebbi daga Sakkwato, zumuntar mata ta shirya zuwa babban taro a Yelwa. Da aka zo zaɓen mai ba da waƙa, sai mata suka ce Tabawa, wai muryarta tana ratsa jiki.

Rahila ta tafa tare da kowa. Ita ke ba da waƙa tun ana sujada ƙarƙashin rumfar zana. Ita ke shara ran Asabar, ita ke wanke kofunan Jibi. Ashe in kana son a so ka, sai ka riƙa faɗuwa ana tayar da kai? Wanda ya tsaya da ƙafarsa ba mai waiwayarsa.

Ana saura kwana goma taro, masunta suka sauke kifi a bakin ruwa, Tabawa da wata mata Dudu suka kama daro ɗaya na karfasa. Kafin a ce mene ne wannan, Tabawa ta zage ta har iyaye, ta ture ta cikin laka. Rahila na tsaye da kwandonta, kuma gaskiya ɗaya ce: daɗi ta ji, irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ta koma gida ta yi wanka, ta ɗaura zanen fita, tana ta jera maganar da za ta faɗa. Sai da la'asar ta kama hanyar gidan Pasto Tanimu.

Ta iske su a tsakar gida. Tabawa da Dudu suna kan tabarma ɗaya, idon Tabawa ya kumbura, laka ta bushe a ɗankwalin Dudu, ga kwanon kunu tsakaninsu.

Pasto ya ce wa Rahila, "Maman Filibus, lafiya da yammacin ga?"

Ta ce, "Baba Pasto, abin da ya faru bakin ruwa na zo faɗi. Kishin gidan Allah ya kawo ni."

Ya dube ta, ya ce, "Kishi kam na gani."

Tsoho ne, ya yi sana'ar su kafin ya shiga aikin bishara. Ya ce Tabawa da ƙafarta ta je ta nemi Dudu, ta roƙe ta, ta jawo ta nan, kuma Dudu ta yafe. Dattawa za su zauna, amma shi bai ga abin kai Tabawa bencin baya ba.

Rahila ta ce, "Sau nawa ke nan, Baba?"

"Ban ƙirga ba. Jirgin da ke bisa ruwa kullum kwarfe shi akai, ɗiyata, ba don ya lalace ba. Wanda ba a kwarfewa shi nike ma tsoro. Ubangiji bai gaji da wanke mu ba, in dai mun faɗa mishi inda datti yake."

Ta yi sallama ta fito, kunnenta na zafi.

Lahadin nan ta Jibi ce. Al'adarsu, kafin a raba gurasa, Pasto yakan yi shiru, duk mai riƙe da ɗan'uwa a zuciya ya tashi ya je su shirya. Rahila ta sunkuyar da kai kamar kullum, don ba ta taɓa samun wanda za ta je wa ba. Sai ta ji an dafa gwiwarta. Tabawa ce a durƙushe.

Ta ce a hankali, "Yaya, ki yafe min. Shekara da shekaru ina kishinki. Ina bencin baya ina kallon ƙeyarki, ina fatan ke ma wata rana ki faɗi in gani. Na faɗa ma Allah, na ce ke ma sai kin ji."

Rahila ta buɗe baki. Maganar tana nan a maƙogwaronta, gajeruwa ce, "ni ma" kawai, amma matan dattawa na zaune hagu da dama.

Ta ce, "Na yafe."

Tabawa ta matse hannunta, ta koma wurinta tana share ido, fuskarta wasai. Ko wannan ma sai da Rahila ta ji kishinsa.

Aka fara zagawa da tire. Ya bi layi har ya iso gabanta, dattijon da ke riƙe da shi ya tsaya yana jira. Ta kalli gurasar, ta kalli ɗan kofin, hannuwanta na kan cinya sun ƙi tashi. Ta girgiza kai. Dattijon ya ɗan ƙara jira, ko bai gani daidai ba, sannan ya wuce.

Matar da ke kusa da ita ta raɗa mata, "Maman Filibus, lafiya?"

Rahila ta ce, "Ba lafiya ba."