Faɗuwar Kampan ta Ƙarshe

Doka ɗaya Kru Tongbai, wato Malam Tongbai, ya kafa wa mutanensa, shekara arba'in bai taɓa sassauta ta ba. Wanda ya faɗi a gaban kyamara ya mutu. Ba ya motsi, ba ya tari, ba ya korar ƙuda, sai ya ji malaminsa ya kira sunansa ya ce, "Tashi." Darakta na iya cewa a tsaya, wannan tsakaninsa da masu kyamara ne. Mutumin Tongbai yana nan kwance.

Ƙofa ɗaya ya bar musu. Wanda ya ji ciwon da ba zai riƙu ba, ya bugi ƙasa da tafin hannu sau biyu. Sau biyu, ba ɗaya ba.

Su ne masu shan duka a finafinan dambe, 'yan wani ƙauye a bayan garin Khon Kaen. Jarumi ya kai gwiwa, su ne ƙirjin. A jefo mugu daga bene, su ne mugun. Ba sa ɗaura igiya, ba sa shimfiɗa katifa, sai kwalaye. A cikinsu babu kamar Kampan. Shekara talatin yana ƙarƙashin Kru, ya mutu a fim fiye da sau ɗari huɗu, masu kallo ba su san fuskarsa ba. Bai taɓa bugun ƙasa ba.

Wannan dokar ce ta bar shi kwana tara a harabar wani tsohon injin casar shinkafa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. An kunna turaren tsinke, an ajiye kan alade da ayaba ga iskokin wurin, kamar yadda ake yi kafin a taɓa kyamara. Kru ya tarar da Kampan zaune a kan buhu yana dunƙula shinkafa mai danƙo yana aikawa.

"Kai, tsohon ɓauna! Ka cika tumbin nan, da me za ka tashi sama?"

"Haba Kru, wa ya ce in tashi? Faɗowa aka ce. Ai nauyi taimako ne."

"Ka duba kwalayen?"

"Na duba, na taka, na ƙirga. Saura in tambayi sunan iyayensu."

"Bakinka ya fi ƙafarka sauri."

Kampan ya yi dariya, ya share hannu a wando. Sai ya sunkuyar da kai.

"Kru, daga yau na bar mutuwa. Lamduan ta sami rumfa a kasuwa. Ta ce in zo in riƙa kankare mata gwanda tana kwaɗawa."

Lamduan matarsa ce. Kru ne ya je ya nemo masa aurenta. Ya dubi Kampan, ya ga furfura a gefen kunnensa. Maganar ta soke shi, amma ba a taɓa ganin haka a fuskarsa ba, ba kuma ranar za a fara ba.

"Gwanda," in ji shi. "To. Ka mutu da kyau tukuna."

Akwai wasu samari masu irin wannan sana'a da kamfanin fim ɗin ya kawo daga birnin Bangkok, da ɗamarunsu da igiyoyinsu. Shugabansu ya ɗaga kai ya dubi tagar benen da za a faɗo, ya yi fito.

"Baba, zamanin nan ya wuce fa. Ku bari mu ɗaura wa dattijon nan igiya, a goge ta a kwamfuta. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Kru. "Akuya ake ɗaurewa. Ka ja yaranka gefe su ga aiki."

Aka kunna kyamara. Jarumin ya taho a guje ta kan buhuna, ya yi tsalle, ya dasa gwiwa biyu a ƙirjin Kampan. Katakon taga ya tarwatse. Kampan ya fito ta baya yana wutsil-wutsil da hannuwa, yadda aka koya masa. Amma kafaɗarsa ta goge bakin kwanon rumfa, ta juya shi kaɗan. Rabinsa ya sauka a kan kwalayen da aka rufe da buntu, rabi a kan siminti. Ƙura ta tashi, ta lafa. Yana kwance, fuska a ƙasa.

"A tsaya!" in ji darakta. Wuri ya ɗauki tafi.

Kru bai yi tafi ba. Yana tsaye a bayan ɗan allon da darakta ke kallo, kuma ya ga abin da ba wanda ya gani. Kafin a ce a tsaya, hannun Kampan na dama ya ɗaga, ya bugi ƙasa. Sau ɗaya. Sai ya kwanta.

Ɗaya ba biyu ba ne. Ɗaya motsi ne, motsi kuwa laifi ne. A faɗuwarsa ta ƙarshe, a gaban 'yan Bangkok, mutumin da zai bar shi saboda gwanda ya motsa hannu. Ran Kru ya ɓaci. Ya ce a zuciyarsa, bari ya sha kwanciya.

"Ku matso," ya ce wa samarin. "Ku dubi yadda ake mutuwa. Ko ƙirjinsa kun ga yana ɗagawa?"

"Baba, ka tashe shi mana," in ji shugabansu.

"Zai tashi in na ce."

Ya zaro sigari ya kunna. Ya zuƙa a hankali, yana kallon hayaƙi. Ya sha ya kai rabi. Sai matar da ke yi wa 'yan wasa kwalliya ta kurma ihu, tana nuna buntun da ke ƙarƙashin bakin Kampan. Ya yi ja.

Kowa ya ruga. Aka juya shi, aka danna masa ƙirji, aka hura masa iska. Kafin motar asibiti ta iso ya cika, nan a kan simintin. Likita ya ce haƙarƙari ne ya huda huhu, ya ce ko da an ɗaga shi da wuri ba lallai ne ya rayu ba. Kru ya riƙe wannan maganar yana juya ta. Ba lallai ba. Likitan bai ce ba zai yiwu ba.

A cikin hayaniyar, kalmar nan ta "Tashi" ba ta fita daga bakin Kru ba.

Wanda ya yi mutuwar farat ɗaya ba a kai gawarsa gida, haikali, gidan ibadarsu, ake kai ta. Kurwarsa kuwa tana nan inda ya faɗi, ba ta san ta mutu ba, sai 'yan'uwa sun je sun kira ta sun taho da ita. Lamduan ta je da babban malamin haikali a rana ta uku. Kru bai je ba. Ya aika cewa gwiwarsa ta kumbura. Ya zauna a ƙarƙashin ɗakinsa da aka ɗora a kan dirkoki, yana kallon filin horo da buhunan yashi da ba mai bugu. Abinci ya kwana a kwando. Sigari kuwa bai ƙara taɓawa ba.

Rana ta tara da safe akori-kura ta tsaya a bakin shinge. Lamduan ta fito cikin baƙaƙen kaya. Ta haɗa tafin hannuwa ta gaishe shi, amma ba ta zauna ba.

"Baba, ka tashi mu je."

"Ina?"

"Ka san inda."

"Ba kun je ba? Malamin haikali ya yi karatunsa. Wannan aikinsa ne, ba nawa ba."

"Ya yi. Ya kira, na kira, ƙanwarsa ta kira har muryarta ta dushe. Bai zo ba. Sau uku ina ganinsa a mafarki, yana kwance, fuska a ƙasa, buntu a gashinsa. Na ƙi a ƙona gawar."

"Mafarki ne, 'yar nan."

"Baba, shekara ashirin da shida ina auren mutumin nan. Ranar da aka haifi 'yarmu yana kwance a cikin taɓo, kunama na yawo a wuyansa, bai motsa ba sai da ka ce. Shi da kansa ya ba ni labarin, yana dariya kamar abin kirki. Kana ganin wannan zai tashi don wani ya yi masa karatu? Na tambayi kowa da ke wurin. Ba wanda ya ji ka kira shi."

Kru ya dubi ƙasa.

"Gwiwata..."

"Ka taɓa barin wani ya ce maka gwiwarsa?"

Bai taɓa ba. Ya ɗauki hularsa.

Sun isa da rana tsaka. An kwashe fitilu da kwalaye, tagar benen na nan a fashe. Ma'aikatan injin sun daina bi ta wannan gefen, buntu ya taru. Malamin haikalin, tsoho mai rawayan mayafi, ya kunna turaren tsinke guda ɗaya ya soke a ƙasa, ya warware farin zare daga wurin har zuwa mota. Ya yi karatunsa a hankali. Da ya gama sai ya ja baya, ya dubi Kru.

Kru ya tsaya a kan simintin. An wanke jinin, amma ya san daidai inda hannun yake. Ya buɗe baki. Sai ya fasa, ya juya ga matar.

"Lamduan."

"Na'am, Baba."

"Ya bugi ƙasa."

Ta juyo ta dube shi.

"Sau ɗaya. Na gani, ni kaɗai. Na ɗauka motsi ya yi, ya ɓata mini aiki a gaban baƙi. Na bar shi da gangan. Na kunna sigari." Ya dubi simintin. "Ban sani ba ko ƙarfin na biyun ne ya rasa, ko kuwa ya tuna kyamara na tafiya ya fasa. Kwana tara ina tunani, ban sani ba."

"Fasawa ya yi," in ji ta. "Kai ma ka sani. Kai ka gina shi haka."

Iska ta kwashi buntu ta watsa a ƙafafunsu. Lamduan ta share fuska da gefen gyale, ta daɗe tana sharewa.

"Ban ɗauko ka don in yafe maka ba, Baba. Wannan ban sani ba tukuna, watakila ba zan taɓa sani ba. Ni ka gaya wa. To, na ji. Shi kuwa yana jira, kuma rana na dukansa."

Kru ya cire hula. Ya durƙusa, gwiwar da ya yi ƙarya da ita ta yi ƙara da gaske. Mutumin da bai taɓa rusuna wa na ƙasa da shi ba ya haɗa hannuwa, ya kai goshinsa kan siminti mai zafi. Ya bugi ƙasa da tafin hannunsa. Sau biyu.

Sannan ya dafa ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya nemo muryar da 'yan ƙauyen suka sani, wadda ake ji daga wannan gona zuwa waccan.

"Kampan!"

Tattabaru suka tashi daga kan kwanon.

"An gama. Ta yi kyau, ba sai an sake ba." Muryar ta karye, ya tsaya ya ɗaure ta. "Tashi, tsohon ɓauna. Tashi mu je gida."

Malamin haikalin ya fara naɗe zaren, yana tafiya a hankali zuwa mota. Lamduan na biye tana faɗa wa mijinta hanya: ga dutse nan, taka a hankali, ga ƙofa. Kru ya riga su isa. Ya buɗe ƙofar gaba, ya share kujerar da ya zauna a kai da hularsa, ya tsaya yana riƙe da ƙofar har ya ga ya isa mutum ya shiga ya gyara zama. Ya rufe a hankali.

Shi kuwa ya zagaya baya, ya kama ƙarfe, ya ja jikinsa ya hau. Ba wanda ya miƙa masa hannu, bai kuma nema ba. A duk gadar da suka zo, yana jin Lamduan a ciki tana cewa, "Kampan, ga gada, kada ka tsaya." Shi ma sai ya maimaita, ƙasa-ƙasa, har suka shiga gari.